Baba yana kan maganin tarin fuka, tramadol ya daina yi masa aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Daga Aboabo nake, nan Kumasi. Mahaifinmu shekararsa 61, tsohon makanike ne a Magazin na Suame. Ya daɗe yana fama da ciwon baya da ƙugu, likita ya ɗora shi a kan tramadol mai miligiram 50, ɗaya da safe ɗaya da dare, kuma yana samun sauƙi. Sati biyar ke nan da aka gano yana da tarin fuka aka fara ba shi magani. Tun sati na biyu ya ce tramadol ɗin ba ya yi masa komai. Yanzu bibbiyu yake sha, wani abokinsa kuma ya kawo masa mai 225. Yana cewa zai ajiye maganin tarin na 'yan kwanaki ya gani. Da gaske antibayotik yana kashe ƙarfin tramadol? Kuma duk antibayotik ne haka? Don maiɗakina ma an ba ta Amoksiklav da tramadol bayan an cire mata haƙori.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da shi.

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, ba raki yake yi ba. A cikin magungunan tarin fuka akwai ɗaya da ke rage wa tramadol ƙarfi ƙwarai, kuma lokacin da ka ambata, sati na biyu, shi ne daidai lokacin da mu masu harhaɗa magunguna muke sa ran abin ya bayyana. Amma kafin in shiga bayani, abu biyu ba sa jiran gobe. Kada ya ajiye maganin tarin, ko da na yini ɗaya ne. Mai 225 ɗin nan kuma ku lallaɓa ku karɓe shi daga hannunsa, ku tafi da shi asibiti ku nuna.

Bari in fara sallamar maganar maiɗakinka, don ita ce mai sauƙi. Amoksisilin da Amoksiklav ko Augmentin, da sefuroksim, da allurar seftriyakson, da doksisaikilin, ba su da wata rigima da tramadol ko kodin da za ta tayar da hankali. Iyakarta tashin zuciya ya ƙaru, tunda kowannensu yana iya kawo shi shi kaɗai. Ta sha yadda aka rubuta mata, bayan ta ci abinci, ta kuma ajiye tramadol ɗin da zarar zafin ya lafa, kwana biyu ko uku yawanci sun isa wa cire haƙori. Sharaɗi ɗaya ne: idan tana shayarwa, ta koma ta faɗa wa likitan, domin tramadol da kodin suna bi ta nono, kuma jariri ba ya iya ɗaukarsu. Ka ga ke nan ba duk antibayotik ba ne. 'Yan kaɗan ne masu matsala, sai dai waɗannan kaɗan ɗin muna yawan amfani da su a nan, kuma ba ta hanya ɗaya suke ɓarna ba.

Duk maganin da mutum ya haɗiya, sai ya bi ta hanta. A cikin hanta akwai sinadarai masu farfasa magani don jiki ya fitar da shi ta fitsari. Ka ɗauke su kamar injinan niƙa na unguwa. Biyu daga cikinsu ne suka shafi maganarmu. Ɗaya ana kiransa CYP2D6, shi ne yake mayar da tramadol wani sinadari da ya fi shi ƙarfin kashe zafi, shi ne kuma yake mayar da wani kaso na kodin ya zama mofin. Na biyun CYP3A4, aikinsa ya niƙe maganin ya zama abin da ba shi da amfani. Wani antibayotik ɗin yana sa hanta ta ƙara yawan injinan, sai maganin ciwo ya niƙe tun bai yi aiki ba. Wani kuma yana kashe injin, sai hatsi ya taru a ƙofa, wato maganin ya yi yawa a jini alhali mutum bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Na Baba irin na farko ne. Ƙwayar da ake ba shi a wata biyun farko magunguna huɗu ne a dunƙule: rifamfisin, aizoniyazid, firazinamaid da etambutol. A wata huɗun da ke biye, biyun farko ne za su rage. Rifamfisin shi ne wanda ya mayar da fitsarinsa ja-ja kamar ruwan lemo, na san kun lura. A duk magungunan da ke cikin kantinmu, da wuya ka sami wanda ya kai shi zaburar da hanta. Ba ya yin haka rana ɗaya. Hanta tana buƙatar kwanaki kafin ta ƙera sababbin sinadaran, shi ya sa satin farko Baba bai ji bambanci ba, sai da aka shiga na biyu.

An auna wannan. A shekarar 2013 masu bincike a ƙasar Finlan sun ba mutane masu lafiya rifamfisin na 'yan kwanaki, sannan suka ba su tramadol ta baki, sai suka ga yawan maganin a jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100, shi ma sinadarin nan mai kashe zafi ya ragu da fiye da rabi. Ga wani danginsa mai suna oksikodon, raguwar ta kai kashi 86. Mofin na sha ma bai tsira ba, a wani gwaji da aka yi a Jamus a 1997 ƙarfinsa na kashe zafi ya ɓace. Tun 1976 likitoci a Amurka suka rubuta yadda masu shan metadon, wani magani dangin mofin, suka shiga halin yankewar magani bayan an fara ba su rifamfisin. Saboda haka idan Baba ya fara yawan hamma, da zufa, da yoyon hanci, da ciwon gaɓɓai, da rashin barci a makonnin nan, wataƙila ba tarin ba ne kawai, jikinsa ne da ya saba da tramadol yake jin an rage masa.

Mutane da yawa sukan tambaye ni: to idan aka raba su fa, maganin tari da asuba, tramadol da la'asar? Ba zai yi amfani ba. Raba lokaci yana aiki ne idan magunguna biyu suna manne wa juna a cikin ciki, kamar antibayotik ɗin nan sifro da madara ko maganin ƙarin jini. Wannan kuwa ba a ciki suke haɗuwa ba. Hanta ce ta sauya yadda take aiki, kuma haka za ta zauna dare da rana muddin ana shan rifamfisin. Wannan ne ma ya sa dabarar Baba ta ajiye maganin na 'yan kwanaki ba za ta biya masa buƙata ba, domin hantar tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta koma yadda take. Zai yi asarar kwanakin magani, bayan nan kuma yana nan yana ciwo. Asarar ba ƙarama ba ce. Ƙwayar tarin fuka idan aka yi mata wasa da magani, a sha yau a bari gobe, tana iya gagarar rifamfisin, daga nan sai a koma wasu magunguna masu wahala, ga kuma ku da jikoki da kuke kwana gida ɗaya da shi. Maganin nan kyauta ake ba da shi a Ghana, kuma yana warkarwa idan aka cika wata shidan.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Kowa a gida ya ɗora laifin a kan tramadol, amma mutumin da ke da tarin fuka idan ciwon bayansa ya ƙaru, dole a tambaya ko ciwon ne da kansa ya sauya. Ƙwayar tarin fuka, wato tibi, ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana shiga ƙashin baya ta riƙa cin sa a hankali. Ka sa yatsa ka bi tsakiyar bayan Baba daga wuya zuwa ƙugu, kana dannawa sannu. Akwai gurbi ɗaya da yake zabura idan ka taɓa? Akwai ƙashin da ya ɗan turo? Ka tambaye shi ko ƙafafunsa suna yi masa nauyi ko suna mutuwa, ko yana tuntuɓe, ko fitsari yana kufce masa ko yana ƙin fita. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, musamman na ƙafa da fitsari, ranar za ku tafi asibiti, a yi hoton baya. Tibin ƙashin baya yana da magani, sai dai yakan ɗauki lokaci fiye da wata shida, kuma jinkiri yana iya kai mutum ga shanyewar ƙafafu.

Su kansu magungunan tarin suna kawo nasu ciwon. Firazinamaid yana sa ciwon gaɓɓai, kafaɗa da gwiwa da idon sawu, yakan kuma lafa idan an cire shi bayan wata biyu. Aizoniyazid yana taɓa jijiyoyi, mutum ya ji tafin ƙafarsa yana zafi ko yana tsikara, musamman da dare, ya fi kuma kama masu ciwon sukari da tsofaffi da waɗanda ba sa cin abinci sosai. Wannan ba tramadol yake so ba, bitamin B6 yake so, ƙwaya ce mai araha. Ciwo uku ke nan daban-daban da za a iya rufe su duka da kalmar "bayana", kowanne kuma da maganinsa. Mai ƙara tramadol a gida ba zai taɓa rarrabe su ba.

Yanzu mai 225. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ba ta amince da ƙwayar tramadol mai ƙarfin nan ba, mai 50 da mai 100 ne take da su a rajista, su ma sai da takardar likita. Tun 2018 gwamnati ta tsaurara dokar tramadol, ta kuma hana maganin tari na ruwa mai kodin. Duk abin da ka gani an rubuta masa 120 ko 200 ko 225 ko 250, ta bayan fage ya shigo, kuma babu mai iya rantse maka a kan abin da ke cikinsa. Wanda samari ke kira Red ma sau da yawa ba tramadol ba ne, tafentadol ne aka haɗa da karisofurodol mai sassauta tsoka, haɗin da ke sa barci mai nauyi da danne numfashi. Ko da tramadol ne na gaske, iyakar abin da babba mai lafiya zai sha a yini miligiram 400 ne, a rarrabe, wanda ya haura shekara 75 kuma 300. Ƙwaya biyu na mai 225 sun riga sun tsallake. Tramadol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ma aizoniyazid yana da wannan halin, ga Baba da huhun da tari ya raunana. Abokin nasa da kyakkyawar niyya ya kawo, ba na shakka, amma a mayar masa da godiya kawai, ban da ƙwayar.

Wurin da na fi so ka buɗe kunne shi ne ƙarshen magani, don nan ne mutane ba sa tsammanin komai. A ce Baba ya ci gaba da ƙarawa har jikinsa ya zauna a kan ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta masa. Ranar da ya cika wata shida, nas ta ce masa ya warke, gida ya cika da murna, an ajiye rifamfisin. Tramadol kuwa yana nan yadda yake. Cikin sati ɗaya zuwa biyu hanta za ta koma aikinta na da, ƙwayoyin da jiya rabinsu ke kaiwa jini yanzu dukansu za su kai. Mutumin bai ƙara komai ba, amma abin da ke jininsa ya ninka. Sai a ga yana gyangyaɗi da rana tsaka, yana rasa jam'in Azahar, a ce gajiyar jinya ce. Haɗarin yakan zo da dare, cikin barci. Saboda haka ko likita ne da kansa ya ƙara masa maganin ciwo a wannan lokaci, wajibi ne a rubuta a katinsa cewa za a rage shi daga ranar da aka daina maganin tari. Kai ne za ka tuna musu. Sau da yawa ɗakin masu tarin fuka daban, likitan baya daban, kowa da takardunsa, kuma ɗan da ke rako tsoho shi kaɗai ne yake ganin duka biyun.

Abin da za ku yi cikin satin nan ke nan. Ku koma inda yake karɓar maganin tari, ku kwashi duk abin da yake sha a leda ɗaya, da kwalayensu: na asibiti, na kanti, na gargajiya, har da bitas idan akwai. Na sha ganin dattijo a gaban tagarmu, in tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce babu, sai na ce "Baba, ko na ciwon jiki?" sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ƙullin leda, guntayen katin ƙwaya da aka yanka da almakashi, wani ma sunan ya tafi tare da ɓarin da aka sayar wa wani. Ba ƙarya ya yi ba, shi a wurinsa magani shi ne wanda likita ya rubuta. A cikin ƙullin nan amsar take. Kada kunya ta hana ku faɗin adadin gaskiya da Baba yake sha, ba kama shi za a yi ba, kuma likitan da aka ɓoye wa rabin labari rabin magani zai rubuta. Kafin ku je, ya tsaya a inda yake, kada ya ƙara, kada kuma ya yanke tramadol ɗin gaba ɗaya rana ɗaya, don jikin da ya saba da shi a hankali ake janye masa.

Kada ku cike giɓin da kanku da farasitamol barkatai. Uku daga cikin magungunan tarin nan hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, don haka likita ne zai faɗi adadin da ya dace. Idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya daina son abinci kwata-kwata, ku kai shi ranar. Daikulofenak da aibufurofen kuma, a shekarunsa, suna iya taɓa ƙoda su kuma fasa gyambon ciki. Af, idan yana shan maganin hawan jini irin amlodifin ko nifedifin, ko wasu ƙwayoyin ciwon sukari, a riƙa auna shi a kai a kai, domin rifamfisin yana rage musu ƙarfi kamar yadda ya yi wa tramadol. Haka ma ƙwayar tsarin iyali, ga matan da ke kan maganin tari.

Tunda ka tambayi sauran antibayotik, ga waɗanda nake so kowane gida a Zango ya san sunansu.

Kilaritromaisin da eritromaisin su ne kishiyar rifamfisin, su ne masu kashe injin. Kilaritromaisin yana cikin haɗin magunguna ukun nan da ake bayarwa na gyambon ciki, wanda ake sha sati ɗaya zuwa biyu, ana kuma ba da shi don ciwon ƙirji. Eritromaisin kuwa shi ake ba wanda jikinsa ba ya son fenisilin. Aikinsu ya fi na rifamfisin sauri, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun toshe CYP3A4, kuma toshewar takan ɗan jima bayan an gama shan su. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ciwon daji da ake manna wa filastar fentanil, da masu shan oksikodon ko metadon, sannan masu tramadol da kodin. Akwai wani labari da aka buga a 2004 daga asibitin Jeniba a ƙasar Siwizalan, wanda kusan duk ɗalibin harhaɗa magunguna ya karanta. Wani mutum mai shekara 62 aka kwantar da ciwon huhu, aka ba shi kilaritromaisin da wani maganin fangas, da kodin kaɗan, miligiram 25 sau uku a rana, don tari. A rana ta huɗu ya suma, sai da aka yi masa allurar naloksan, mai karya ƙarfin su mofin, ya farfaɗo. Da aka bincika sai aka ga hantarsa tana cikin masu mayar da kodin mofin da sauri fiye da kima, magungunan biyu sun toshe ɗaya hanyar, ƙodarsa kuma ta raunana ta kasa fitar da abin da ya taru. Wannan saurin gado ne, a Habasha an same shi ga kusan mutum uku cikin goma, kuma ba a gane mai shi da ido. Shi ya sa maganar "ai wane ya sha bai yi masa komai ba" ba hujja ba ce. Azitromaisin ɗan gidansu ne amma bai cika toshe hanta ba, shi ya sa likita yakan koma gare shi idan mutum yana kan maganin ciwo mai ƙarfi. Fulukonazol da ketokonazol da mata ke saya don ƙaiƙayi ba antibayotik ba ne a ƙa'ida, amma halinsu ɗaya da kilaritromaisin a wannan fanni.

Sai sifro, wato sifrofuloksasin, da 'yan'uwansa lebofuloksasin da ofuloksasin. A unguwanninmu, daga Asawase har Sabon Zango da Tafo, duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sunansa taifot, kuma sifro ake nema. Shi ba yawan tramadol yake ƙarawa sosai ba, ƙwaƙwalwa suke haɗuwa su tsokana, kowannensu yana sauƙaƙa wa jijjiga hanya. Saurayi mai tuƙa faragiya ko mai ɗaukar kaya a Kejetia, wanda yake shan tramadol kullum don ya jure aiki, ya sayi sifro a kan zazzaɓi, ga rashin barci, ga lemon ƙara kuzari, sai a ji ya faɗi a bakin titi yana kumfa, shi da bai taɓa farfaɗiya ba. A gida a ce iska ce ta taɓa shi. A yi masa addu'a, ba mai hanawa, amma a kai shi asibiti a kuma faɗi abin da ya sha, in ba haka ba gobe zai sake haɗa su. Wanda ya taɓa jijjiga, ko ya taɓa buguwa a kai a haɗarin babur, ko yake shan giya, ko ƙodarsa ba ta da ƙarfi, bai kamata ya haɗa waɗannan biyun ba sai likita ya auna ya ga babu makawa. Ga mai ciwon sukari kuma, dukansu suna iya faɗar da sukari.

Linezolid ba a sayar da shi a kantin unguwa, amma yana cikin sabon haɗin wata shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 don tarin fuka mai gagarar magani. Idan ya haɗu da tramadol ko allurar kashe zafi ta fetidin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin yana iya yin yawa: rawar jiki, zufa sharkaf, zazzaɓi mai zafi, tsoka tana fizga, mutum ya ruɗe, cikin awanni kaɗan. Da ka gan shi za ka rantse maleriya ce. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai shan magungunan ciwon damuwa irin amitiriftilin ko fuluwoksetin. Na ambaci fetidin ne saboda 'yan'uwanmu masu sikila. A Ghana kusan jarirai biyu cikin ɗari da ita ake haihuwarsu, kuma idan ciwon ya tashi sau da yawa maganin zafi mai ƙarfi da antibayotik tare ake ba su. Mai sikila ya riƙa yawo da sunayen magungunansa a rubuce, don ranar da ciwo ya tashi ba ya iya dogon bayani.

Sauran a taƙaice. Allurar jentamaisin tana iya raunana ƙoda, ƙoda kuma ita ke fitar da ragowar mofin da fetidin da tramadol, don haka idan fitsari ya ragu a faɗa wa nas. Flagyl ba shi da faɗa da tramadol, da giya yake faɗa, har da wadda ke cikin bitas da wasu magungunan ruwa. Idan antibayotik ya kawo zawo mai yawa, da zazzaɓi ko jini, kada a tsayar da shi da Imodium, shi ma ɗan gidan su kodin ne, zai kulle cutar a cikin hanji. Abin da ya fi duk waɗannan kisa kuwa ba antibayotik ba ne: haɗa tramadol ko kodin da Valium, ko firegabalin, ko Phenergan, ko giyar akpeteshi.

Ko da wane haɗi ne, alamar da za ku sa wa ido ɗaya ce, kuma ina so duk wanda ke kwana kusa da Baba ya san ta. Barci mai nauyi da ba a saba gani ba, a kira sunansa a girgiza kafaɗarsa ya buɗe ido da ƙyar ya koma, ko ya ƙi buɗewa. Minshari mai gurnani kamar ana shaƙe shi. Ka ɗauki wayarka, ka sa ido a ƙirjinsa, ka ƙirga sau nawa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Babba mai barci yakan yi 12 zuwa 20. Idan ya gaza 10, ko yana yin dogon shiru tsakanin numfashi, babu sauran jira. Ka ɗaga fatar idonsa, za ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, ko da yake da tramadol ba kullum ake ganin haka ba. A fatarmu ba a ganin shuɗin da littattafai ke faɗa, sai ka duba cikin leɓe da dasashi da farce, za su yi toka-toka.

Ku kwantar da shi a gefensa, ku ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi. Idan jijjiga ce, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. Ku kira 112, in kuwa mota tana kusa ku ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, Manhyia ko sashen gaggawa na Komfo Anokye, wani ya zauna kusa da kansa yana lura da numfashi, wani ya riƙo ledar magungunan. Naloksan tana farfaɗo da numfashi cikin 'yan mintuna, amma aikinta yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, tramadol kuwa yana daɗewa a jiki fiye da haka, balle idan antibayotik ya toshe masa hanyar fita. Don haka ko ya farka ya zauna yana magana yana cewa a mayar da shi gida, kada ku matsa a sallame shi, ku bari ya kwana a inda ake duba shi har likita ya ce ya isa.